Kismis Na Ce, Anty

Assalamu alaikum, masu bibiyata. Ku amsa da ƙarfi don Allah, ni dai muryata ta dishe.

Yanzu haka da nake rubuto muku, a ƙasan kicin nake zaune, bayana jingine da firij, obin yana gabana da tire a ciki. Waɗanda suka san ni sun san abin da hakan ke nufi. Duk ranar da ƙamshin bota da kirfa ya cika benenmu na unguwar Setapak, to Bashira tana cikin matsala. Wasu kuka suke yi, wasu su ja bargo, ni kukis nake gasawa, na hatsin oat da zabibi. Yau kam duka na haɗa, da kukan da gashin.

Ga wanda yau ya fara shigowa: ni 'yar Kano ce, shekarar ƙarshe nake a wata kwaleji a nan Kuala Lumpur. Gida ɗaya muke da Shekinah, 'yar Jos, wadda ta fi ni iya Hausar tsiya kuma ta fi ni iya girki. Ita ta koya min kukis ɗin nan a shekararmu ta farko, lokacin da kewar gida ta kusa mayar da ni tashar jirgi. Zabibi kuwa a garin nan kismis ake ce masa. A kasuwar Chow Kit muke sayowa wurin wata tsohuwa, kuma bakina ya saba da sunan har sai in yi tunani kafin in tuna na Hausar.

Sai Muntasir. Ya girme ni kaɗan, ya gama digirinsa na biyu, yana aiki, yana zaune a unguwar Sentul. Mutum ne mai sanyin magana, irin wanda ko direban tasin Grab ya ɓatar da shi sai ya ce masa na gode. Ranar da ya fara cin kukis ɗina ya raɗa min suna Kismis, haka ya ajiye lambata a wayarsa. Duk sanda ya bi ta Chow Kit sai ya riƙo min ledar zabibi ɗaya. Ina son shi, ba zan ɓoye muku ba, son da ni kaina yake ba ni haushi wani lokacin.

Ummata ta san da shi. Kai, ba sani kawai ba, ta riga ta sanar da 'yan'uwanta cewa bayan Babbar Sallah mutanensa za su zo tambaya. Ranar Juma'a take kirana, kullum ranar Juma'a, kuma kowane kira da magana ɗaya yake ƙarewa.

“Ya maganar mutanen nan, Bashira?”

“Suna nan tafe, Umma.”

“To Allah ya sa. Ni dai na faɗa wa Goggonki, kada ki ba ni kunya.”

Hajiyarsa kuma ta ce ba za ta tura a tambayo yarinyar da babu wani nata da ya taɓa gani ba, balle wadda ta yi shekaru a ƙasar waje. Shi ya sa da yayarsa, Anty Aminat, ta zo garin nan sayen mayafai na shagonta, aka ce ta haɗa da duba ni. Abin da ta faɗa wa Hajiya shi ne zai tsaya, kowa ya san da haka.

Ranar Asabar na fito da duk kayana na zube a gado. A ƙarshe na sa doguwar riga ruwan toka, da babban mayafin da ban taɓa yafawa ba tun da Umma ta cusa min shi a akwati. Hoda kaɗan, kwalli, babu jan baki. Shekinah ta tsaya a bakin ƙofa tana cin ayaba tana kallona.

“Hajiya Bash, Umrah za a tafi? Ki yi mana addu'a o.”

“Ki bar ni, gabana faɗuwa yake.”

“Relax lah. Wa zai gan ki ya ce ba ya so?”

A wani katafaren mol muka haɗu, wurin cin abinci. Anty Aminat doguwa ce mai jiki, hannunta ya sha jan lalle, ga tabarau ta ɗora a goshi. Gaskiya ban same ta yadda na tsorata ba. Ta rungume ni, ta ce ashe na fi hoto kyau, ta tambayi unguwarmu, har muka gano ta san wata 'yar'uwar Umma a Gwammaja. Ta yi ta tsokanar Muntasir wai ya rame da cin shinkafar da ba manja. Na fara sakin jiki, har ina cewa a raina ashe abin da sauƙi. Sai ta goge baki, ta nuna sama da yatsa.

“Na ga akwai sinima a bene na sama. An ce min fim ɗin tsoro na mutanen nan ba wasa. Ni fa, ƙanwata, fim ɗin soyayya ba ya burge ni, ƙarya ce zalla. A ba ni wanda zan fito ƙafata na rawa.”

Cokalina ya tsaya a hanya. Na jawo waya ta ƙarƙashin tebur na rubuta wa Muntasir.

“Ka san ba na iyawa.”

Na ga ya duba, ya yi ɗan murmushi.

“Daure lah, Kismis. Ki rufe ido kawai. Yau ɗaya ce.”

Bari in gaya muku dalili, don kada ku ce yanga ce kamar yadda shi ya ɗauka. Ina ƙarama, ban fi aji biyu na firamare ba, yayyena maza suka kunna fim ɗin tsoro a ɗakinsu, suka tura ni ciki, suka murɗa makulli don su ji ihuna. Wasa ne a wurinsu. Sai aka kira su ƙwallo, suka fice suka manta da ni. Umma tana gidan suna. Rimot yana saman wardrob, hannuna bai kai ba. Har fim ɗin ya ƙare ina buga ƙofa. Tun daga ranar, ko hoton irin fim ɗin na gani a jikin bas sai numfashina ya sarƙe. Na taɓa ba wa Muntasir labarin nan a wurin mamak, wato shagon mai shayin garin nan, muna shan shayi, ya yi dariya har da buga tebur, ya ce matsoraciya.

To yaya zan yi? In ce wa matar da aka turo ta auna ni ba zan bi ta ba? Na yi ta maza, na ce, “Mu je, Anty.”

Ɗakin sanyi kamar firij. Anty a tsakiya, ni a hagunta, shi a damanta. Tun kafin a kashe fitila na fara Ayatul Kursiyyu. Na leƙa sau ɗaya na ga wata mace da farin kaya da doguwar suma a ƙarshen wani lungu, na runtse ido ban ƙara buɗewa ba. Amma shi kunne ba a rufe shi. Ina jin Anty tana tauna gugguru tana cewa, “Kai, wawa, kada ka shiga!” Ina jin kiɗan nan mai ja kamar ana saɓule min jijiya. Duk na daure. Abin da ya karya ni ƙarami ne: a cikin fim ɗin aka rufe ƙofa, aka murɗa makulli, ƙaras.

Daga nan abin da na sani kaɗan ne. Na san na miƙe. Na san iska ta ƙi shiga ƙirjina. Sauran a bakin Muntasir na ji daga baya: wai na faɗi tsakanin kujeru ina dukan ƙasa, ina cewa, “Ku buɗe min! Yaya, ku buɗe min!” da wata 'yar siririyar murya kamar ta yarinya ƙarama.

Na farfaɗo a waje, wata ma'aikaciyar wurin tana min fifita da kwali tana shafa min wani mai a goshi. Mayafina ya zame, takalmina ɗaya a hannun Muntasir. Anty kuwa tana can nesa da ni, bakinta na motsi. Ta tofa a tafin hannu ta shafe jikinta, ta tofa ta shafa wa ƙaninta a ka. Ni ba ta shafa min ba.

Da ta matso, a hankali ta yi magana, har da tausayi a fuskarta.

“Tun yaushe suke taɓa ki?”

“Su wa, Anty?”

“Mutanen ɓoye mana. Ai na ji muryar, ba taki ba ce.”

“Wallahi Anty ba ni da komai. Tsoro ne kawai, tun ina yarinya...”

“Tun kina yarinya,” ta maimaita, tana gyaɗa kai. “Allah sarki.”

Na kalli Muntasir ya yi magana. Yana can yana neman mota a waya.

Ina shiga gida ko mayafi ban cire ba na wuce kicin. Na jiƙa zabibi a ruwan ɗumi ya kumbura. Na zuba bota da jan suga a roba na kama bugu da muciya, don ni ba na amfani da inji, sai na ji kafaɗata ta gaji tukun zuciyata take sauka. Ƙwai, fulawa, kirfa, oat, sai zabibin a ƙarshe. A nan babu abin da zai faɗo maka daga bayan ƙofa. Abin da ka zuba shi zai fito, kuma ka san lokacin fitowarsa. Shekinah ta same ni ina jera su a tire, hawaye na ɗiga a bayan hannuna. Na ba ta labari, ta riƙe baki.

“Shi kuma oga yana tsaye like signboard?”

“Yayarsa ce, Shekinah.”

“Ke kuma fa, bishiya ce?” Ta ɗauki ɗaya da zafinsa ta gutsura. “Ji nan. Gobe ki tapau wannan, ki zuba a kwano mu kai wa Antyn. Nobody fit chop this thing ya ci gaba da fushi. Zan raka ki.”

Haka aka yi. Ranar Lahadi da hantsi muka shiga Sentul, na jera kukis a kwano mai murfi har da ɗaura masa ribon. A gidan Muntasir Anty ta sauka. Muka same ta a falo tana ware mayafai kala-kala a kan kafet, shi kuma yana teburin cin abinci da kwamfuta. Shekinah ta durƙusa ta gaishe ta da Hausa tsaf. Anty ta tambayi sunanta, ta faɗa. Na ga idonta ya sauka a kan 'yar sarƙar gicciye da ke wuyan Shekinah, ya ɗan daɗe a wurin.

“Tare kuke zaune?”

“Eh, Anty, tun zuwanmu.”

“Madalla.”

Na buɗe kwanon na miƙa mata da hannu biyu. Na ce na zo ba da haƙuri kan abin da ya faru jiya. Ta ɗauki ɗaya ta gutsura, kuma wallahi na ga fuskarta ta saki.

“Kai, da daɗi. Ke kika yi? Na mene ne wannan?”

Farin ciki ya sa bakina ya yi ta zuba.

“Na kismis ne, Anty. Shekinah ce ta koya min, irin wanda mamanta take yi ne. Duk lokacin da abin ya taso min, shi nake yi, sai in ji ya lafa.”

Ta daina tauna. Ta jawo tishu ta kai baki, ta naɗe, ta ajiye sauran a gefen faranti.

“Na ƙoshi,” in ji ta.

Ban kawo komai a raina ba. Na ɗauka kirfa ce ta yi mata yawa, ai ba kowa ke son ta ba. Muka ɗan zauna, hira ta ƙi tafiya, muka yi sallama. A lif har ina ce wa Shekinah ko banza ta ce da daɗi.

Yau Litinin, na dawo daga lacca da la'asar, ina cire takalmi saƙo ya shigo daga Fatsuma. Ƙanwar Muntasir ce, ƙawata tun sakandare, ta hanyarta ma muka san juna da shi.

“Bash, ki saurari wannan. Amma ki rantse ba ni na turo miki ba.”

Saƙon murya ne, wanda Anty ta aika wa Hajiyarsu jiya bayan fitarmu. Na kunna a tsaye a bakin ƙofa.

“Hajiya, ina wuni. To, na ga yarinya. Kyau kam akwai, ladabi akwai, ba zan yi mata ƙarya ba. Amma Hajiya, akwai iska. A gabana suka tashi, ta faɗi a bainar jama'a, murya ta canja. Da bakinta ta ce tun tana yarinya ne. Kuma abin da ya fi ɗaga min hankali, aljanin da ke kanta ɗin ma ba Musulmi ba ne. Yau ta kawo min biskit, ta ce na Kirismas ne. Kirismas, Hajiya, muna cikin watan Mayu! Ta ce duk sanda abin ya taso mata sai ta yi masa biskit ɗin Kirismas sannan yake lafawa. Wadda suke zaune tare ce ta koya mata. Har na ci rabi kafin in sani, Allah ya yafe min. Ga Muntasir nan zaune, a gabansa aka yi. Kai, ba haka ta ce ba?”

Ina jin ƙarar fanka, ina jin cokali yana juya shayi a kofi. Sannan muryarsa ta fito, a sanyaye kamar kullum.

“Haka ta ce, Yaya.”

Ban san lokacin da na zauna a kan takalman ba. Shekinah ta fito daga ɗaki ta ce me ya faru, na sake kunna mata. Da aka zo wurin Kirismas ta fashe da dariya har tana riƙe bango.

“Kismis! Raisin! Jesus, Bash, wannan matar...”

Sai dariyar ta tsaya da kanta. Ta karɓi wayar ta mayar da shi baya, ta sake jin inda aka ce wadda suke zaune tare. Ta miƙo min.

“So na me be the aljani.”

“Shekinah, don Allah...”

“A'a, ba komai.” Ta taɓa sarƙar wuyanta, ta tura ta cikin riga. “In zamana a nan zai ɓata miki aure, ki faɗa min. Zan nemi wani ɗaki.”

Ta shiga ta rufe ƙofa. Yarinyar da ta yi jinyata lokacin da zazzaɓin dengi ya kwantar da ni, wadda take tashina sahur da azumi alhali ita ba ta yi. Wannan ya fi faɗuwar sinima yi min ciwo.

Fatsuma ta sake rubutowa. Wai Hajiya ta ce a dakata da maganar tambaya. Wai kuma za ta nemi lambar Umma ta wurin matar nan ta Gwammaja, ta ba ta shawara a dawo da ni gida a yi min ruƙiyya tun abin bai yi nisa ba. Ku da kuka san Kano kun san sauran. In aka ce yarinya tana da iska, ko bayan ta yi jikoki ana nuna ta a gidan biki. Balle a ce nata aljanin har bikin Kirismas yake yi.

Na shigo kicin, don ban san wani wurin zuwa ba. Na buɗe kabad, ga ledar zabibin da Muntasir ya kawo min satin da ya wuce, an rubuta KISMIS da manyan baƙaƙe a jiki, ga hoton inabi a ƙasa. Na ɗauki hotonta na tura masa. Nan take ya buɗe.

“Na sani. Ni na sayo miki.”

“To me ya sa ka ce haka ta ce?”

“Ai haka kika ce ɗin.”

“Muntasir, kismis na ce! Kalma ɗaya za ka faɗa mata, zabibi. Ɗaya tak. Sunan da ka sa min ne fa a wayarka.”

“Ba ki san Yaya ba ne. In ta hau magana ba a katse ta.”

“To yanzu ba ta magana. Ka tashi ka nuna mata hoton nan. Ka kira Hajiya.”

Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. A tsakanin nan na kwaɓa wani kwaɓin, na jera, na tura a obin, na dawo na zauna a ƙasa ina kallon wayar. Ina ta shirya masa uzuri a raina, kamar yadda na saba: kunya ce, girmamawa ce, bai iya musu ba ne. Na ma yanke cewa in ya ce in yi haƙuri zan haƙura.

Saƙon ya shigo. Bai ce Kismis ba.

“Bashira, zan iya gaya musu kismis zabibi ne, wannan ba wuya. Amma muryar da na ji a sinima fa? Ita me zan ce musu? Ni ma tun ranar ban samu natsuwa ba.”

Na karanta har haruffan suka haɗe. Ashe ba Anty kaɗai ta tsaya nesa da ni ranar Asabar ba. Na ba shi labarin ɗakin nan da makullin nan da bakina, ya yi dariya, kuma yanzu na gane ko a ranar bai saurara ba. Da me zan rantse masa? Wace leda kuma zan ɗauki hotonta in tura?

Na rufe saƙonsa. Na buɗe shafin nan na fara rubuto muku, don ku kaɗai kuka rage da za ku ji ni har ƙarshe. Obin ya yi ƙara tun ɗazu, ina jin ƙamshin ya fara komawa ƙauri, amma ina nan zaune ina rubutu. Ƙofar Shekinah har yanzu a rufe take.

Ga waya nan tana ruri a hannuna. Umma ce. Yau kuma ba Juma'a ba.